DARASIN IYALI: A Ba Ɗaki Iska, A Ba Jiki Hutu



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Aliero a lokacin ɗibar albasa ya ga yadda manomi yake yi da amfanin gonarsa. Yakan shanya ta ta sha iska, ya zauna ya tsince ta ɗaya bayan ɗaya, ya ware mai rauni da wadda ta soma ruɓewa, sa'an nan ya jera sauran a inda iska take ratsawa ta kowane gefe. Ya sani sarai cewa albasar da aka jibge aka rufe ba ta kaiwa lokacin tsada, kuma ruɓaɓɓiya guda takan ɓata buhu.

Abin mamaki, mu da muka san wannan hikima a kan albasa mukan manta da ita a kan kanmu. Mukan koma gida mu kwanta a ɗakin da kaya suka cika, taga a toshe, mu yi barcin awa huɗu ko biyar, mu tashi da ciwon kai. Darasinmu na wannan wata yana kan abu biyu da suke tafiya tare: gyaran falo da hutun jiki. Abin da muke so mu riƙe shi ne cewa an gina ɗaki domin mutum, kuma in kaya suka cinye wurin mutum, sukan cinye lafiyarsa da barcinsa.

1. ABIN DA MUKE GANI A GIDAJENMU

A ziyarar gida-gida da muke yi a Jega da Aliero da Maiyama, mun lura cewa yawancin iyalanmu suna zaune ne a ciki da falo, wasu na haya, wasu na kansu. Falon nan yana aiki da yawa. Da rana wurin karɓar baƙi ne, da yamma wurin cin abinci da karatun yara da addu'ar iyali, da dare kuma ɗakin kwanan yara da duk baƙon da dare ya yi masa.

To, me muke tararwa a ciki? Kujerun kushin da suka fi ƙarfin ɗakin. Kabad cike da kwanuka da tasoshin aure waɗanda ba a ci abinci a cikinsu ba shekara goma. Talabijin mai aiki a kan wanda ya mutu. Kalandar shekaru biyar, wata a kan wata. Kwalaye da ledoji da takalman da yara suka girme su. A bayan ƙofa akwai buhun gero ko shinkafa, a kusurwa jarkar fetur, da dare kuma a shigo da babur domin tsoron ɓarayi. A wani gida mun ga yara huɗu suna kwana a ɗan filin da ya rage tsakanin kujera da babur, kuma babu wurin ɗaura gidan sauro.

Mu tuna da zauren iyayenmu da na maƙwabtanmu a wannan ƙasa. Tabarma ce da buzu, sai buta a gefe. Mutum goma sukan zauna a ciki a yalwace, a yi shawara, a ɗaura aure, a sasanta rigima. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Baƙo yana neman wurin zama da fuskar maigida. Yawan kaya ba ya ƙara masa komai.

2. ME YA SA MUKE TARAWA?

Ba mu zo yi wa kowa dariya ba, gama dukanmu muna cikin wannan hali. Akwai dalilai uku da muka fi gani.

Na farko tsoron gobe ne. Wanda ya sha wuyar rashi ba ya jefar da abu cikin sauƙi. Mukan ce ajiya maganin wata rana, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ajiyar da gara ta ci, ko tsatsa ta cinye, ko aka manta da inda take, ta daina zama magani.

Na biyu idon jama'a ne. Kayan ɗaki a wurinmu shaida ce cewa iyaye sun fitar da 'yarsu kunya. Saboda haka uwargida takan ji nauyin rage ko da kwano ɗaya, kada a ce wani abu ya same ta. Kasuwar Jega kuwa, wadda ta daɗe da suna a ƙasar Hausa, ba ta rasa sabon abin da zai ja ido.

Na uku tunawa ne. Kujerar marigayi baba, akwatin kaka, rigar baftismar ɗan fari. Wannan dalili yana da daraja, kuma ba mu ce a watsar da shi ba. Sai dai abu ɗaya ko biyu da aka adana da kyau sun isa su riƙe mana tunawa.

Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin wani mai arziki da gonarsa ta yi albarka, ya rushe rumbunansa domin ya gina manya, yana zaton sai ya gama tarawa zai huta, amma a daren nan aka karɓi ransa (Luka 12). Waliyi Basil, bishop na Kaisariya a ƙarni na 4, ya yi wa'azi a kan wannan misali, ya koyar cewa rigar da take kwance a akwatinmu ba ma sawa, hakkin marar riga ce. In mun duba falonmu da wannan ido, za mu ga cewa wasu kayan da suka matse mu akwai mai bukatarsu a layinmu.

3. ABIN DA CUNKOSO YAKE JAWOWA

Wani zai ce, ai wannan maganar ado ce kawai. A'a, magana ce ta rai da lafiya. Ga abubuwa huɗu.

Iska. Ƙasarmu tana cikin yankin da cutar sanƙarau take yawan ɓarkewa, daga hunturu zuwa ƙarshen bazara, lokacin da ƙura da bushewar iska suke raunana hanci da maƙogwaro. Cutar tana yaɗuwa ta tari da atishawa da numfashi, musamman inda mutane da yawa suke kwana a ɗaki marar iska. Manyanmu ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A watan Maris na 2025 kuma, gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26, galibinsu a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero. Gyaran ɗaki ba ya maye gurbin allurar rigakafi, kuma wanda ya ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya sai ya garzaya asibiti a ranar. Amma tagar da kabad ya toshe, ko aka liƙe da kwali tun hunturu aka manta, tana ƙara haɗari a kan yaranmu.

Sauro. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da ya fi na kowace jiha. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka fara ba da allurar rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Sauron da yake kawo ta yana cizo da dare, da rana kuma yakan laɓe a wuri mai duhu: bayan kabad, ƙarƙashin kujera, cikin tufafin da aka rataye a ƙusa. Gidan sauro kuwa ba ya aiki sai an sami wurin ɗaura shi, an kuma cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma.

Guba da wuta. Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da jarkar tana rufe. Ashana ɗaya ko fitilar kwai ta isa. Janareta da kaskon gawayi suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan sa mutum barci mai nauyi har ya wuce bai farka ba. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhun wake ko hatsi ita ma tana narkewa ta zama iska mai kisa, kuma yara ne suka fi saurin faɗuwa. Bai kamata ɗaya daga cikin waɗannan ya kwana a inda mutum yake kwana ba. Masu ajiye wake su nemi buhun PICS mai ninki uku, wanda yake kashe ƙwari ta hana su iska, ba tare da magani ba.

Ɓera da kunama. Hatsi a falo gayyata ce ga ɓera, ɓera kuma yakan ɗauko cuta irin zazzaɓin Lassa, yakan kuma jawo maciji. Tarin kwalaye da tsummoki maɓoyar kunama ce da kyankyaso.

4. YADDA ZA MU GYARA

Aikin ba ya bukatar kuɗi. Yana bukatar rana ɗaya da haɗin kan iyali. Muna ba da shawara a zaɓi wata Asabar, a bi waɗannan matakai.

(a) A yi shawara tukuna. Maigida da uwargida su zauna su amince. Kada miji ya kwashe kayan auren matarsa ba da saninta ba, kada mace ta ƙone takardun mijinta. Gyaran da ya haifar da faɗa bai gyara komai ba.

(b) A fitar da komai tsakar gida. Sai ɗaki ya zama wayam ake ganin girmansa. A share, a kakkaɓe saƙar gizo-gizo, a toshe ramukan ɓera, a buɗe tagogi, a gyara ragar da ta yage.

(c) A kasa kayan kashi huɗu, kamar yadda ake tsintar albasa: abin da muke amfani da shi kowane mako, abin da muke bukata lokaci-lokaci, kamar bargon hunturu da manyan tukwanen biki, abin da yake da kyau amma ba ma amfani da shi, da abin da ya lalace. Ma'aunin mai sauƙi ne: in damina da rani sun wuce ba mu taɓa abu ba, mu tambayi kanmu dalilin riƙe shi.

(d) Kashi na farko kaɗai zai koma falo. Na biyu a sa shi a akwati mai murfi a rubuta abin da yake ciki. Na uku a wanke shi a ba mabukata, ko a kai wa Zumuntar Mata ko ƙungiyar Waliyi Vincent de Paul a inda take, su raba. Mu ba da abin da mu ma za mu karɓa ba tare da jin kunya ba. Tsumma ba sadaka ba ce. Na huɗu, ƙarfe da roba a sayar wa 'yan gwangwan, sauran a zubar a inda ya dace.

(e) Takardu masu muhimmanci, wato na baftisma da na aure da na haihuwa da na makaranta da na fili, a haɗa su a leda mai kauri a ajiye a wuri mai tsawo. Waɗanda ambaliyar 2020 ta shafa a jihar nan sun san zafin rasa takarda.

(f) Abubuwan da aka sa wa albarka ba a jefa su a bola. Carbin da ya tsinke ba ya gyaruwa, da hoton waliyi da ya yage, a ƙone su ko a binne su da ladabi. Ganyen dabinon bara a mayar da shi coci domin tokar Larabar Toka.

(g) Wajen mayar da kaya, a bi ƙa'ida uku. Kada wani abu ya tare taga. A bar hanya daga shimfiɗa zuwa ƙofa wadda yaro zai iya bi cikin duhu. A kafa ƙusoshin gidan sauro tun da rana. Bayan haka a keɓe ɗan wuri mai tsabta domin gicciye da Littafi Mai Tsarki, inda iyali za su taru da yamma.

(h) Kowane abu ya sami mazauninsa, kuma kowane dare kafin addu'a a ɗauki minti goma a mayar da komai wurinsa. Yara maza da mata duka su sa hannu. In sabon abu ya shigo, tsohonsa ya fita.

5. HUTU: DARASI DAGA MASU ƊORI

Ban da albasa, Aliero ta yi suna da masu ɗorin karaya, har daga ƙasashe maƙwabta ake zuwa wurinsu. Mai ɗori da likitan ƙashi na asibiti sun haɗu a kan magana ɗaya: bayan an daidaita ƙashi an ɗaure, hutu ne yake haɗa shi. Wanda ya yi gaggawar taka ƙafa yakan koma farko. Haka jikinmu duka yake. A cikin barci ne jiki yake gyara abin da aikin yini ya ɓata, ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya, yara kuma suke girma.

Likitocin barci sun ce baligi yana bukatar aƙalla awa 7 a dare. Matashi mai shekara 13 zuwa 18, awa 8 zuwa 10. Yaro mai shekara 6 zuwa 12, awa 9 zuwa 12. Wato ɗan firamare da zai tashi ƙarfe 6 na safe ya kamata ya kwanta kafin ƙarfe 9 na dare. In falon da yake kwana a ciki shi ne wurin kallo da hirar manya har ƙarfe 11, mu ne muka sace masa awa biyu, gobe kuma mu yi masa faɗa don ya yi gyangyaɗi a aji.

Ƙarancin barci na tsawon lokaci yana da alaƙa da hawan jini da ciwon suga da saurin fushi. Yana kuma kisa nan take. Masu bincike a Ostareliya sun nuna a 1997 cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa sukan ragu kamar na wanda ya sha giya. 'Yan'uwanmu direbobi da 'yan kabu-kabu da suke bin hanyar da ta tashi daga Jega ta ratsa Maiyama zuwa Koko da Yawuri su riƙe wannan. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Goro da shayi mai kauri suna jinkirta shi na ɗan lokaci, bashin kuwa yana nan. Ƙwayoyin da wasu matasa suke sha domin su yi aiki ba gajiya suna rufe bakin jiki ne kawai, alhali jiki magayi ne.

Ga abin da zai taimaka. A tsai da lokacin kwanciya da na tashi, a riƙe su kullum. A kashe talabijin, a ajiye wayar hannu kamar awa ɗaya kafin kwanciya. A daina goro da shayi da kofi daga la'asar. A bazara, lokacin da zafi yakan haura digiri 40, a buɗe tagogi, a watsa ruwa kafin a kwanta, kuma wanda ya fita tsakar gida ya fita da gidan sauronsa. Ɗan rintsawa na minti 20 zuwa 30 da tsakar rana ba lalaci ba ne ga wanda ya fita fadama tun asuba.

Akwai wadda ba ma so a manta da ita. A yawancin gidajenmu uwa ce ta farkon tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya. Kowane ƙarin kaya a falo ƙarin shara ne da goga a kanta. Maigida, in kana son matarka ta huta, rage mata kayan da take gogewa, ka kuma koya wa 'ya'yanka maza riƙe tsintsiya.

6. HUTU UMARNI NE

Littafin Farawa ya nuna mana cewa Allah da kansa ya huta a rana ta bakwai, ya kuma tsarkake ta. A Fitowa 20 dokar hutu ta haɗa da 'ya'ya da barori da baƙo, har da dabbobi. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, Allah ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa, ya sāke barinsa ya kwanta, kafin ya yi masa magana (1 Sarakuna 19). Yesu ya janye manzanninsa gefe domin su huta lokacin da taro ya hana su ko cin abinci (Markus 6), shi kansa kuma ya yi barci a cikin jirgi (Markus 4). A gidan Marta da Maryamu, ya yaba wa wadda ta zauna ta saurare shi, ya kuma tausaya wa wadda hidima ta raba wa hankali (Luka 10).

A 1998 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta wasiƙa musamman a kan Ranar Ubangiji, yana tuna mana cewa Lahadi ranar sujada ce, ranar hutu, ranar iyali da ayyukan jinƙai. Mun sani a wannan yanki Lahadi ranar ciniki ce ga jama'a da yawa, kuma wasunmu dole ce take fitar da su. Ikilisiya ta san da wannan, ba ta ɗora wa mabukaci laifi. Amma wanda yake da iko, bayan Mas ya koma gida ya zauna da iyalinsa. Wanda yake da yaran shago ko 'yar aiki ya ba su ranarsu. Mu shugabannin ƙungiyoyi kuma mu binciki kanmu: in taro yana bin taro daga safe har magariba kowace Lahadi, mun mayar da ranar hutu ta fi Litinin gajiyarwa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa uku ne a falonmu ba mu taɓa ba tun bara? Wa zai amfana da su?
2. Akwai fetur, ko janareta, ko maganin ƙwari, ko hatsi a inda yaranmu suke kwana? Ina za mu mayar da su a wannan mako?
3. Awa nawa kowa a gidanmu ya yi barci jiya? Wa ya fi kowa ƙaranci, kuma me ya sa?
4. Wane tsoho ko gwauruwa ko marar lafiya ne a cikinmu yake bukatar mu je mu taya shi gyaran ɗaki?

ABIN YI: Kowane iyali ya tsai da Asabar ɗaya kafin fitowarmu ta gaba. Katekist da shugabannin shiyya su shirya wurin tara kayan da za a raba.

ADDU'A

Ya Uba Mai Iko Duka, kai ne ka ba mu rana domin aiki, dare kuma domin hutu. Ka cire mana tsoron gobe da yake sa mu riƙe abin da ɗan'uwanmu yake bukata. Ka sa albarka a ɗakunanmu, su zama wurin lafiya ga yaranmu, wurin maraba ga baƙo. Ka ba iyayenmu mata hutu, ka kiyaye matafiya a kan hanya, ka ji ƙan waɗanda cuta ta ɗauke daga cikinmu. Muna roƙo ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.